Zomon da Ya Cire Kansa

"Ba zan yi ba, Mista Dorsey," na ce wa manajan filin wasannin nishaɗi da nake aiki. So yake a wani sabon wasan kwaikwayo in yi shigar Malama Ozella Pruitt, wadda ta kafa kwalejinmu a Alabama, in riƙa rawa ina kwaɓa Turanci don baƙi su yi dariya. Matar da ta koya wa kakata karatu.

Ya yi murmushi. "To 'yar boko, tunda bakinki ya yi yawa, ga kayan shigar zomo, ki saka. Zomo ba ya magana."

Na sha zafin watan Yuli cikin wannan buhun gashi, gumi na shiga idona, ina jiran ranata.

Sai ga shugabar kwalejin ta zo buɗe wasan, ba ta san abin da ke cikinsa ba. Dorsey ya jawo ni kusa da ita a ɗauki hoto. A wurin aikinmu babu laifin da ya kai cire kan shigar zomo a gaban yara. Na cire, na gaya mata komai yana tsaye.

An soke wasan. Ni kuma aka kore ni, na rasa ɗakin kwanan da filin ya ba ni, kuma babu filin wasan da zai sake ɗaukata.