Kati na Bakwai

Oyinkansola ta cika wata uku a wani ƙaramin kamfani da ke Yaba, kuma ranar Juma'a za a yanke ko ta zauna ko ta tattara nata ya nata. Ɗaki biyu ne kacal a saman shagon tayoyi. Sun ƙera ɗan aike na kwamfuta, wanda matafiya ke yi wa magana ta waya ya samo musu kujera a motocin Ibadan da Ilorin. Kayan aikinsa goma sha biyu ne, wannan na duba lokacin tashi, wancan na kama kujera, kowanne da ɗan bayaninsa a rubuce. Da bayanin nan kaɗai ɗan aiken ke gane wanda zai ɗauka. Aikin Oyin shi ne ta karanta, ta gwada, ta ba da maki.

Goma sha ɗaya sun wuce lafiya. Na bakwai ne ya tsaya mata a wuya. Kalma uku ce jal: "Yana kawo kujeru." Ashe kujerun da aka riga aka sayar yake kawowa. A gwaji talatin, sau ashirin da biyu ɗan aiken ya ɗauka babu kowa a kansu, ya yi ta ɗora fasinjojin gwaji a cinyar juna.

Gyaran ba wuya. Sai dai a ofishin ba mai taɓa bayani sai wanda ya rubuta shi, wannan kuwa na Oga Sunkanmi ne, babban injiniya, wanda zai sa hannu a takardarta. Mutumin kirki ne, amma ya ba ta shekara ashirin, ita kuma a gidansu babba ba ya kuskure, sai dai yaro bai fahimta ba. Tsoro take ji ƙwarai.

Folarin, abokin teburinta, ya ce, "Ke, ba shi bakwai cikin goma ki huta mana. Aiki kika zo nema ko lada?"

"In ya haɗa mutum biyu a kujera ɗaya a tashar Ojota, kai za ka je raba faɗan?"

"Ni? Ina da mata da 'ya'ya."

Ranar Laraba Oga ke saya wa kowa amala da miyar ewedu. Oyin ta jira sai da ya suɗe hannu, ta matso da katuna goma sha biyu da ta yanka da almakashi, kowanne da bayani ɗaya, ba sunan kowa. Ta ɗan rusuna.

"Oga, alfarma nake nema. Kai ne ɗan aiken yau, ni ce fasinja. Ba ka san komai ba sai abin da ke jikin kati."

Oga dai ba ya ƙin wasa. Ya gyara zama, ya ƙame wuya, ya shaƙe murya. "Barka da rana, fasinja. Ina za ki?"

"Ibadan, gobe da safe. Akwai wuri?"

Ya jujjuya katunan, ya ɗaga na bakwai. Oyin ta miƙa masa amsar da kayan aikin ke bayarwa: huɗu, biyar, tara.

"Na ba ki ta huɗu, kusa da taga."

"Akwai wata Alhaja a kai da kwandon barkono."

"To, ta biyar."

"Mijinta ne."

Folarin ya ƙware da ruwa. Oga ya manta da muryar kwamfuta, ya ɗaga katin sama.

"Tsaya. Na mutane ne yake kawowa? To me ya hana a faɗa? Wane malalaci ne ya rubuta wannan? Yana kawo kujeru! Kafinta ne? Folarin, aikinka ne ko?"

"Wallahi Oga, ban taɓa ganinsa ba."

"Za mu gani. Kwamfuta ba ta mantuwa."

Ya jawo kwamfutarsa ya buɗe tarihin aikin. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Sunansa ne ɓaro-ɓaro, wata goma sha huɗu da suka wuce.

Can kafaɗunsa suka fara rawa. Ya fashe da dariya har yana bubbuga tebur, sauran suka samu ƙofa, kowa ya saki tasa.

Yana share hawaye ya ce, "Ƙanwata, kin sani tun farko?"

"Na sani, Oga."

"Nawa kika ba malalacin?"

"Biyu."

"Kin yi masa alfarma."

Nan take ya sake rubutawa, layi huɗu, ya bayyana cewa kujerun da aka sayar ne, da yadda za a shigar da rana da lambar mota. Ya juyo mata da fuskar kwamfutar yana washe baki. "Yanzu fa?"

Ta karanta sau biyu. Folarin na ta ƙoƙarin taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Goma na kan harshenta, ga sauƙi, ga Juma'a saura kwana biyu.

Ta ce, "Shida. Ba ka faɗi abin da zai dawo ba in babu mota ranar."

Oga ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe. Sannan ya juya wajen Folarin.

"Kai, daina taka min ƙafa, tawa ce." Ya koma ga Oyin. "Litinin ki zo da wuri, ki taho da almakashinki. Akwai wasu arba'in da na rubuta a waccan shekarar, kuma duk a rana ɗaya."

Daɗi ya rufe ta. Ta ce, "To, Oga," ta shiga tattara katunanta.