Hasken Ɗaki na Tara

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe Injiniya ta kama ɓarnar. Lamba ɗaya ce tak, da ake guntule wa wutsiya kafin ta isa katin zane, ɓangaren kwamfuta mai fitar da hoto a allo. Mako uku tana farautarta.

Aikin ofishinsu kula da wata manhaja ne da suke kira Tafinta. Wasannin kwamfuta da aka ƙera don wani tsari daban ba sa jin yaren na'urorin da ofishin ke yi wa aiki, sai Tafinta ta tsaya a tsakani tana fassarawa: zana bango nan, sa inuwa can. In ta yi tuntuɓe, sai ka ga fuskar mutum ta koma koriya, ko mota tana gudu babu taya. Shekara shida ke nan Injiniya tana gyara irin wannan.

Wasan da ya hana ta sakat sabo ne, kuma ana rububinsa. Duk wanda ya kai mataki na tara ya sauka wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Ƙorafi ya haura ɗari huɗu. Ita ba ta taɓa sanin abin da ke cikin ɗakin ba, don kullum a kashe take barin sautin.

Ta gyara lambar, ta sake kunna wasan, ta sauka matakalar. Ɗakin ya haska.

Wata mata ce ɗaure a kan kujerar ƙarfe, an buɗe mata baki da waya. A hannun mai wasa akwai filaya. A kusurwar allo an rubuta makin da ake samu a kan kowane haƙori. Waɗanda suka zana matar sun yi aikin da hankali kwance, har jijiyar wuyanta tana harbawa, hawayen kuncinta kuwa yana ƙyalli a ƙarƙashin ƙwan fitila. Injiniya ta gane ƙyallin nan sarai. Lissafinta ne ya fito da shi.

Ta ture kofin shayinta gefe.

Dogo, abokin aikinta na teburin kusa, ya miƙo wuya. “Kai! Anti, kin kashe bakin kowa! Dubi yadda gumi ke sheƙi, wallahi ya fi na asali.”

“Dogo, ka ga abin da ake yi mata kuwa?”

“To ai zane ne, Anti. Ba ta da uwa ba ta da uba.” Ya ja allon rubutun gabansa yana dariya. “Bari in gwada ɗaya mu ga ko jinin zai fito daidai.”

Injiniya ba ta tsaya gani ba. Ta wuce banɗaki, ta kuskure baki sau uku, sannan ta ƙwanƙwasa ƙofar Oga.

Oga ya saurare ta yana juya biro. Mutum ne mai sanyin magana, shi ya ɗauke ta aiki lokacin da wasu ke cewa mace ba za ta jure ba.

“Ranka ya daɗe, layi ɗaya zan ƙara. Gyaran ya shafi kowane wasa ban da wannan. A bar ɗakin a duhunsa.”

“Injiniya, mu muka ƙera wasan?”

“A'a.”

“To tafinta ba ya zaɓen abin da zai fassara. Yau kin rufe wannan ɗaki, gobe Dogo ya rufe wanda bai yi masa ba. Kuma ke da kanki kika share irin waɗannan layukan ɓoye har guda sittin bara, kina cewa ƙazanta ce.” Ya dubi agogo. “Ƙarfe huɗu sabon zubin Tafinta zai fita. Masu ba mu kwangila sun ce in babu gyaran nan, ba za su sabunta ba. Mutum goma sha ɗaya ne a falon can ke cin abinci da kwangilar nan.”

Ta koma teburinta ta gwada gyaran a kan sauran wasanni. Talatin da ɗaya ne suka warke. A wani wasan noma, ruwan tafki da ya shekara biyu yana kama da kwalta ya koma ruwa, har ana ganin kifi. Ta daɗe tana kallon kifin. Ta rubuta layin keɓewar, ta karanta shi, ta goge. Ƙarfe uku da rabi ta tura gyaran yadda yake.

Kafin a tashi, saƙonnin godiya suka fara shigowa. Dogo yana karantawa da ƙarfi, ana tafi. Sai ga sabon ƙorafi daga wani mai wasa, har da hotuna biyu a jere don kwatanci. Ya ce madalla da aiki, amma idan aka cire haƙori na uku, jinin da ke gangarowa haɓar matar ya yi kauri, ba ya zuba sumul kamar a na'urar asali. A taimaka a duba.

Oga ya riga ya liƙa sunanta a kai, da alamar gaggawa.

Kallo ɗaya ta yi wa hotunan ta san matsalar. Aikin minti ashirin ne, ƙila ma bai kai ba. Ta cire sunanta daga kan ƙorafin, ta sa na Oga. A akwatin bayani ta rubuta masa sunan fayil da lambar layin, ta ƙara da cewa sai an ciro haƙoran ɗaya bayan ɗaya, da sauti a kunne, kafin a tabbatar gyaran ya zauna.

Ta kashe allo, ta ɗauki jakarta.