Taku Goma Zuwa Ƙofa

Da baya-baya Madubi yake tafiya, durƙushe kan ɗan katako yana shafe kankare da cokalinsa, sai ya ji bayansa ya bugi bango. Ya laluba da hannu. Bulo ne sabo, a daidai inda ƙofa take da safe.

"Kai, birkila! Ina ƙofar nan ta tafi?"

Birkila ya leƙo ta taga yana sakace. "Matar mai gida ce ta ce ƙofar baya sauro take kawowa. Na toshe ta tun ɗazu. Ai na gaya maka, ka ce uhm."

Gaskiya ne, in Madubi yana shafe, ko gobara aka ce masa uhm zai ce. Shekara ashirin da shida yana zuba kankare, ba a taɓa ganin sawu a daɓensa ba, ko na kaza, shi ya sa ake masa laƙabi da Madubi. Kuma yau injiniya zai duba falon nan, in aikin ya yi masa, ya ba shi daɓen gidaje goma sha biyu. Ga shi yanzu a kusurwa, tsakaninsa da ƙofar gaba taku goma na ɗanyen kankare mai sheƙi.

Leburori suka taru a taga, kowa ya zama malami. Wani ya ce a rushe bulon, birkila ya rantse duk wanda ya taɓa masa gini sai sun kwashi 'yan kallo. Wani ya ce a zuro igiya ta sama. Rufin kuwa Madubi ne ya zuba shi da hannunsa, ko allura ba ta ratsa shi.

Da azahar matarsa ta kawo abinci. Ta ɗaura shebur a doguwar gora, ta zura masa kwanon ta taga.

"Maigida, ka taka mana, ka shafe bayanka."

"Ya fara kamawa. In na taɓa shi tabo zai yi."

"To, ka kwana nan. In aiko maka da matashi?"

Ya ci abincinsa a tsugune, ƙafafu suka yi tsami, fitsari ya matse shi har hawaye. Bai motsa ba.

Da la'asar injiniya ya iso, waya a kunne. Kafin leburori su buɗe baki ya shigo ta ƙofar gaba, caɓal, caɓal, har kusurwa, ya miƙa wa Madubi hannu.

"Aiki ya yi kyau!" Ya juya don ya ƙara dubawa, sai ya ɗaure fuska. "Wannan sawun fa? Na wane ne?"

Madubi ya dubi takalmin injiniya, siminti har igiyar ɗaurinsa. Ya dubi matarsa a taga. Ya tuna gidaje goma sha biyu.

"Nawa ne, yallaɓai."

"Madalla. Ina son ma'aikaci mai faɗin gaskiya. Gidajen naka ne, amma a riƙa kula."

Injiniya ya mayar da waya kunne, ya fita ta sabuwar hanya, ya ƙara sawu goma.

Madubi ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki cokalinsa da kwano. Ya bi sawun injiniya ɗaya bayan ɗaya, yana saka ƙafa a hankali, kada ya ɓata daɓen.