Kalmar da Ta Ƙi Komawa Kore

"Sake," in ji wayar, cikin murya mai ladabi wadda ba ta gajiya da faɗin abu guda.

Tela ya sake. Mai Agogo, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, yana zaune a bakin gado ya kara masa wayar kusa da leɓe, domin hannun Tela ya daina ɗaukar ko da cokali. Kalmomin Fatiha suka riƙa komawa kore ɗaya bayan ɗaya, sai ta ƙarshe ta yi ja kamar yadda ta saba.

'Yar Tela ce ta sa masa manhajar gyaran karatun Alƙur'ani a wayar bara, bayan ya rantse ba zai durƙusa gaban malamin da shi ya ɗinka wa wandon makaranta ba. Wayar ta yi masa daidai, tunda ba ta kai labari waje. A bayan keken ɗinki ya gyara surori da dama shi kaɗai. Sai dai ita ce kuma ta sanar da shi, ba kunya ba kara, cewa akwai harafin da bai taɓa furtawa daidai ba. Da ya tuna yawan sallolin da ya yi tun balagarsa, abinci ya daina yi masa daɗi.

Mai Agogo ya sha gaya masa cewa laifin haƙoran da suka zube ne. Liman ma ya zo ya kwantar masa da hankali, da hujjoji masu ƙarfi. Tela ya yi godiya, ya jira ya fita, ya ce a miƙo wayar.

"Maƙwabci, in an tambaye ni a lahira me zan ce? In ce haƙori?"

"Ka ce ka yi iyakar ƙoƙarinka."

"Haka nake gaya wa masu kaya in na ɓata musu riga. Ba wanda ya taɓa yarda."

Bayan azahar numfashin Tela ya soma sarƙewa. Mai Agogo ya ga tsoron da ke idon mutumin, ya ƙudura yi masa taimako ɗaya. Shi dai ɗan sahun gaba ne, har yakan ja salla in liman ya makara. Da Tela ya rufe ido ya kawo kalmar ƙarshe, sai Mai Agogo ya sunkuya ya furta ta a madadinsa, a fili, da cikakkun haƙora.

Kalmar ta yi ja. "Sake," in ji wayar.

Tela ya buɗe ido ɗaya. "Kai ma?"

Mai Agogo ya kifa wayar a kan tabarma, ya riƙe hannun maƙwabcinsa, ya laƙƙana masa kalmar shahada. Tela ya maimaita a hankali, ba wanda ya ja masa layi. Kafin la'asar ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, 'yar Tela ta kawo wa Mai Agogo wayar, ta ce Baba ya yi wasiyya a ba shi. Ya yi godiya kamar yadda ya kamata, ya jefa ta cikin durowar da yake tara agogunan da suka ƙi gyaruwa.

Da magariba ya ta da salla a ɗakinsa. Yana gab da ƙarshen Fatiha sai wayar ta tuna lokacin darasin Tela, haskenta ya ɓullo ta tsagin durowar. Mai Agogo ya tsaya, hannuwansa a ƙirji, bakinsa a buɗe.