Ruwan da Iliyasu Ya Ba Mahari

Kafin Maikano ya kutsa cikin taron, an riga an gama. Malam Iliyasu masaƙi na kwance a ƙofar ɗakinsa, rabin jiki a waje rabi a ciki, ƙasa ta cika masa gemu. Mutum biyu na jan wani baƙo ta ƙafafu zuwa bayan gari, kuma da gani babu sauran rai a jikinsa. Ɗanbala maharbi na tsaye da taɓarya a hannu yana haki.

Maikano ya ce, "Me tsohon nan ya yi muku?"

Ɗanbala ya ce, "Tambaye shi. Mahari ya ɓoye mana a ɗaki, yana ɗura masa kunu. Mun ce ya kauce, ya tare ƙofa."

"Shi ne kuka taru ku goma a kan mutumin da a haife ya haife ku?"

Suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon ƙasa.

A shekarun nan babu daminar da maharan Ningi ba sa faɗa wa ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Shekaranjiya ma sun zo da hantsi, suka kwashe mutum huɗu a gonaki kafin dawakin birni su kore su. Ashe sun bar ɗaya a cikin dawa da kibiya a cinya. Shi ne Iliyasu ya goyo zuwa gida.

Maikano da matarsa Hawwa suka ɗaga tsohon suka shimfiɗe shi a tabarma. Haƙarƙarinsa na hagu ya lotsa, in ya ja numfashi sai ka ji kamar ana taka busasshen kara. Hawwa ta tafi dafa ruwan gashi. Maikano ya tsuguna a gefe, zuciyarsa na tafasa, bai ma san da wa ya fi jin haushi ba. Shekara biyu ke nan da irin waɗannan mutanen suka tafi da ƙanensa Buba, har yau ko labarinsa babu.

Shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka, dangar kara ce kawai tsakaninsu. Iliyasu daga Kano ya zo da ƙoshiyar saƙarsa da jaki ɗaya, lokacin da aka tasar wa Isawa, mutanen da suka riƙe Annabi Isa a matsayin mai cetonsu. Bai taɓa ɓoye abin da yake bi ba, bai kuma taɓa tsayawa a kasuwa yana kiran kowa ba. Tsoho ne mai taurin kai, mai faɗa a kan akuyar da ta taka masa zare. Amma rabin garin da saƙarsa aka yi musu zanen suna, kuma duk wanda aka binne a nan, da farinsa aka naɗe shi.

Da la'asar ya buɗe ido. Maikano bai jira ya huta ba.

"Malam, wa ya aike ka? Kai kaɗai ne mai tausayi a garin nan? Ka san abin da suka yi mana. Ka san Buba."

"Na san Buba," in ji Iliyasu a hankali. "Ni na saƙa masa bantensa na farko da ya fara noma."

"To, don me?"

"Kada ka ɗauka daɗi na ji. Sau biyu na wuce shi. Na farko har na ce a raina, gara kuraye su same shi. Na je gida na zauna a masaƙa, zare ya ƙi tafiya. Malaminmu a Kano yana da Linjila ta Larabci da wani falke ya kawo masa daga hamada. Ya karanta mana inda Isa Almasihu ya ce a ƙaunaci maƙiyi, a yi wa mai ƙinka alheri. Ban manta ba, ko da na so in manta."

Maikano ya ce, "Ba kai ka sha gaya mini a bakin dangar nan ba cewa ku ba aikinku ne ke cetonku ba, ban-gaskiya ce? To ka riƙe ban-gaskiyarka a ciki mana. Wa zai ƙwace maka?"

Tsohon ya so ya yi dariya, ciwo ya hana shi.

"Ka taɓa haye kogin Gwaram da damina?"

"Sau nawa."

"In mai fito ya ba ka gora ya ce rungume, kada ka yi shure-shure, shi ne ke haye da kai, ba ƙarfinka ba. Amma in ka ce ka yarda da shi, ya ce rungume ka ƙi, yardar me ka yi? Ruwan da na ba yaron can ba zai cece ni ba, Maikano. Wanda ya ce in ba shi, shi zai cece ni. Ni dai an ce in rungume, na rungume."

"Ga shi kuwa an kashe shi, kai ma an karya ka. Me aka samu?"

"Ya sha ruwa kafin ya mutu."

Maikano ya tashi ya fita, don in ya zauna zai faɗi abin da ba a faɗa wa mara lafiya.

Washegari tsohon ya fara tarin jini. Ya roƙi Maikano ya je Gwaram ya kira masa Sada, wani mai sayar da gishiri da suka gudo tare daga Kano. "Shi kaɗai ya rage mini cikin 'yan'uwa. Ina so in ji an yi mini addu'a da sunan Isa."

Maikano ya bar noman da ke jiransa, ya hau jaki, ya wuni a hanya. Ya sami Sada a rumfarsa, mutum mai ƙiba da rawani fari tas. Da ya ji sunan Iliyasu sai ya waiwaya hagu da dama, ya ja Maikano bayan buhunan gishiri.

"Yi magana a hankali, bawan Allah. Nan babu wanda ya san ni da wannan."

"Mutuwa zai yi. Kai yake kira."

"Allah ya sawwaƙe. Amma Iliyasu shi ya jawo wa kansa. Tun a Kano haka yake, komai sai ya fito da shi fili. Abin nan a zuci yake. Wanda ya ba da gaskiya ya tsira, ba sai ya kai wuyansa ga wuƙa ba. Ina da mata biyu da 'ya'ya bakwai. In aka gan ni a ɗakin wanda ya ɓoye mahari, me kake so ya same su?"

Maikano ya dube shi daga rawani har takalmi.

"Ni Musulmi ne, ban san littafinku ba. Amma na yi tafiyar wuni guda saboda shi, kai da kake ce masa ɗan'uwa ba za ka iya ba. Abin da ke zuciyarka, in har akwai shi, ya ruɓe a can."

Sada ya ɗebo gishiri a ƙoƙo ya miƙa masa. "Kai masa wannan."

Maikano ya bar shi da hannu a miƙe.

Ya kwana a Gwaram, ya kamo hanya da sassafe. Da ya iso, rana ta karkata, Hawwa na zaune a ƙofar ɗakin tana kore wa tsohon ƙuda. Ta ce tun tafiyarsa babu wanda ya leƙo, ko da sannu.

Iliyasu ya dubi bayan Maikano, ya ga babu kowa.

"Bai zo ba."

Maikano ya yi niyyar cewa bai same shi ba, amma bakinsa ya ƙi. "Ya ce abin a zuci yake."

Hawaye ya gangaro ta gefen idon tsohon ya shiga kunne.

"Tsoro ne. Ni ma ina jinsa yanzu haka, kada ka zaci ba na ji. Kada ka riƙe shi a rai. Ɗanbala ma kada ka riƙe shi."

"Wannan kuma ba kai za ka faɗa mini ba, Malam. Kai aka umarta, ba ni ba."

"To," in ji Iliyasu. "Riƙe mini hannu dai."

Maikano ya riƙe. Tsohon ya yi addu'arsa da kansa, muryar na yankewa. Ya ce, "Ya Isa, Kalmar Allah, na yarda da kai. Abin da ka ce na yi kaɗan, na bar da yawa. Ka haye da ni." Ya kai har wayewar gari, ya cika da hantsi, lokacin da mata ke dawowa daga rijiya.

Maikano ya bi gari gida gida. Liman Abdulsalami ya ce ba zai yi masa salla ba tunda ba tafarkinsu ɗaya ba, amma binne shi wajibi ne a kan maƙwabta, kuma zai faɗa wa mutane haka. Ya faɗa ɗin. Wannan ya ce ciyawa ta ci masa gona, wancan ya ce ƙafarsa na ciwo. Wani ma ya ce a kai shi inda aka jefar da baƙonsa.

Maikano ya tsaya a tsakiyar dandali ya ɗaga murya. "Kai Salihu, da farin wa aka rufe ubanka bara? Kai Abu, da aka yi yunwa, rumbun wa uwarka ta ci? Kwana biyu yana tarin jini a bayan dangarku, kuna jin sa. Kun iya taruwa ku doke shi, ba ku iya taruwa ku haƙa masa rami ba."

Suka bar shi yana magana shi kaɗai.

Ya koma ya wanke gawar da hannunsa. Ya ɗauko zugun fari da tsohon ya gama saƙawa, Hawwa ta haɗa shi da allura. Ya haƙa kabari a gefen gonar Iliyasu, ƙarƙashin wata ɗorawa, ƙasar damina mai nauyi tana manne wa fartanya. Da aka zo ɗauka, babu na biyu, sai Hawwa ta ɗaure zanenta ta kama wajen ƙafafu. Maikano bai san abin da Isawa ke faɗa a bakin kabari ba. Ya tsaya ya ce, "Allah, ga bawanka Iliyasu. Kai ka san shi." Ya tura ƙasa.

Yana cikin daddale kabarin ya ji ana jan wani abu a kan hanya. Ya ɗaga kai. A'i ce, uwar Ɗanbala, tsohuwa mai doro, tana janye da reshen ƙaya da ya fi ta tsawo, irin wanda ake rufe sabon kabari da shi saboda kuraye. Ba ta yi sallama ba, shi ma bai gaishe ta ba. Ta ɗora ƙayar a kan ƙasar, ta danna gefen da ƙafa, ta tsuguna tana cire wadda ta soke ta a tafin hannu. Sannan ta miƙe ta koma jeji ɗauko wani.