Abin da Aka Sha Ranar Suna

Tukwanen Yakura suna kife a tsakar gida, kaji na hawa kansu. Tun sunan jikan Alhaji Tukur ba wanda ya sake kiranta girkin biki a Gure, domin washegari mutane suka cika gidan likita da amai da gudawa da zazzaɓi, Alhaji kuwa ya faɗa a ƙofar masallaci cewa hannun matar nan ba shi da kyau.

Balki, ma'aikaciyar lafiyar da aka turo daga Tawa, ita aka ɗora wa binciken. Gida gida take bi a ƙafa, yashi mai zafi na cika mata takalmi. Wasu su shimfiɗa mata tabarma, wasu su bar ta tsaye a zaure. Samarin bakin hanya suka laƙaba mata 'yar lakwal, wato 'yar boko, mai tambayar bayan gidan mutane. Ta ce da su ranar da nasu ya tsinke, ita za su nema.

Duk inda ta tambayi me aka ci, amsa ɗaya ce: shinkafar Yakura. Sai dai waɗanda suka kwanta sun ci, waɗanda ke yawo garau ma sun ci, har 'ya'yan Yakura da suka suɗe tukunya. Aka ce ta rufe maganar haka nan. Ta ƙi.

A gidan likita ta tarar da tsohuwa A'i ana yi mata ƙarin ruwa. Tsohuwar ta rantse ko loma ba ta kai baki ba ranar sunan. Balki ta juya za ta fita, sai ta ji tana roƙon 'yarta ta dama mata fura, amma ban da mai tsami irin ta gidan Alhaji.

"Iya, ba kin ce ba ki ci komai ba?"

"A garinku cin fura ake yi, 'yar nan? Sha na yi."

Balki ba ta tsaya jin kunya ba. Ta koma ta sake bin gidajen nan duka, masu dariya na dariya, tana tambayar me aka sha. Duk wanda ya kwanta ya sha furar. Nonon kuwa daga garken Alhaji aka kawo shi, daga Bune, ɗanye a jarka, ya wuni a rana bisa motar kasuwa. Ta aika ragowarsa ɗakin gwaji a Damagaram tare da bayan gidan marasa lafiya, aka sami ƙwayar cuta iri ɗaya.

Alhaji ya saurare ta a zaurensa yana jan carbi. Ya yi mata godiya, ya ce za a riƙa tafasa nono, sauran kuma a bar wa Allah.

"A tafasa, Baba," in ji Balki. "Amma maganar Yakura a ƙofar masallaci ka faɗe ta, ba a zaure ba."

"Ke yarinya, a gidana kike."

"Na sani. Shi ya sa na fara zuwa nan."

Ta gyara zama, ba ta da niyyar tashi. Aka kira sallar la'asar. Alhaji ya miƙe, ya jawo takalmansa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya tambaye ta, murya ƙasa ƙasa, sunan ƙwayar cutar da Hausa, don kada mutane su tambaye shi ya rasa abin faɗa.