Marin da ke bayan zugazugi

Ranar da masu shirya fim suka zo maƙera, maƙerin yana gyaran ƙafar wata kujera, amininsa kuma yana zaune a benci yana gaya masa yadda ake yi. Aminin nan tsohon direban bas ne. Bai taɓa riƙe guduma ba a rayuwarsa, amma ba ƙarfen da za a buga a gabansa bai sa baki ba. Shekara talatin ke nan suna wannan gardamar, kuma duk ranar da ɗaya bai ga ɗaya ba, abinci ba ya masa daɗi.

Daraktar fim ɗin matashiya ce mai tabarau. Ta ce labarin bayi suke yi, suna neman mari guda ashirin, irin ƙarfen da ake sa wa bawa a ƙafa. Ta nuna masa hoton wanda wani ya yi musu da gwangwani.

Maƙeri ya tuntsire da dariya. “Wannan ai ko akuya ba zai riƙe ba. Ki dawo ranar Asabar, ’yata, ki ga na gaske.”

Bakinsa ne ya riga hankalinsa. Na gasken yana nan, taku uku daga inda suke tsaye, rataye a ƙusa bayan zugazugi, an lulluɓe shi da tsohon buhu. Kakansa ne ya ƙera shi. Kuma maƙeri ya san abin da duk unguwar ta sani ba ta faɗa, cewa kakar direba baiwa ce, sayo ta aka yi. Shekara talatin yana riƙe da waɗannan abubuwa biyu a kansa, bai taɓa yarda sun haɗu ba.

Kafin ta tafi, daraktar ta ƙura wa farin gemun direba ido, ta ce, “Baba, ko za ka fito mana a fim? Muna neman dattijo.”

Direba ya shafa gemu, baki har kunne. “Ka gani ko, mutumina? Yau furfura ta yi mini rana.”

Sai da direba ya tafi cin abincin rana sannan maƙeri ya sauko da marin. Aiki ne mai kyau, wannan kam ba musu, haɗin ƙarfen ko alamarsa ba a gani. Abu ɗaya ne ya ba shi mamaki. A gidansu, duk ƙarfen da zai taɓa jikin mutum sai an bi shi da magagari an goge bakinsa, ko da mariƙin bokiti ne. Ubansa ya sha murɗe masa kunne a kan haka. Amma cikin zoben nan ba a goge shi ba, bakinsa na sama da na ƙasa duk da kaifi. Ya shafa da babban yatsa, ya ce a ransa ƙila kakan nasa sauri yake yi a ranar. To, shi wane ne da zai gyara wa kakansa aiki? Ya kwaikwaye shi tsaf, har kaifin, kuma ranar Asabar ya jera su ashirin a ƙasa yana jin kansa.

A wani tsohon sito aka yi ɗaukar, an zuba yashi a ƙasa, manyan fitilu suna gasa mutane. Maƙeri ne ya bi ’yan wasan ɗaya bayan ɗaya yana sa musu marin. Da ya durƙusa gaban direba, hannunsa ya yi aikin da saurin da shi kansa bai san yana da shi ba.

“A hankali,” in ji direba. “Ƙafar nan shekara arba’in tana taka birki.”

Sauran ’yan wasan zama kawai za su yi a jikin bango. Dattijon ne zai tashi, ya bi ’yarsa da aka sayar ana fita da ita, ya yi ta ja har bakin ƙofa ya faɗi. Aka ɗauka sau ɗaya, fitila ta ba da matsala. Aka sake, wani ya yi tari. A karo na uku direba ya fara ɗingishi, daraktar ta tafa hannu. “Haka nake so, Baba! Kada ka canza komai!”

A karo na huɗu ne maƙeri ya gane. Ba sauri kakansa ya yi ba. In mutum yana zaune, ƙarfen ba ya yi masa komai. Sai ya buɗe ƙafa zai yi sauri zoben yake karkata, kaifin ya shiga fata. Da gangan aka bar shi haka, kuma maƙerin da ya tsara shi ya san aikinsa sarai.

Kalma ɗaya ce za ta tsayar da komai, amma ta ƙi fita. In ya ce ƙarfen yana yanka, za a tambaye shi me ya sa ya yi shi haka, shi kuma sai ya faɗi inda ya samo samfurin, a gaban jama’a, a gaban mutumin da ke sanye da shi. Ya tsaya bayan fitila gumi yana bin bayansa, yana kallo. Sai da aka ɗauka sau takwas.

Da ya durƙusa ya zare marin, jini ya riga ya gangara har dunduniya. Daraktar ta dafe kai, ta ruga neman akwatin magani. Direba ya sunkuya yana duba ƙafarsa.

“Layi biyu,” ya ce can. “Ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Haka yake a ƙafar kakata. Mu ne masu shafa mata mai muna yara. Cewa ta yi munduwa ce ta matse ta tana budurwa.”

“Ka yafe mini,” in ji maƙeri, idonsa a yashi. “Kuskure ne, na manta ban goge ba.”

“Kai ɗin? Kai da kake goge mariƙin bokiti?” Direba ya girgiza kai. “Na san marin nan na bayan zugazuginka, mutumina. Ranar da na fara kawo maka ƙarfen ƙofar bas, buhun ya zame, na gan shi. Tun ranar nake jira ka ce, kai, zo ka ga wani abu.”

Maƙeri ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙyar ya ce, “To me ya sa ba ka ce a tsaya ba?”

“Ina so in san abin da ta ji. Kai fa? Na ga fuskarka tun karo na huɗu.”

Washegari benci ya wuni ba kowa. Maƙeri ya karɓo marin ashirin ɗin, ya goge su har cikinsu ya yi santsi kamar cokali, ya mayar. Kwana biyu, kwana uku, benci shiru. Sau biyu yana kama hanyar gidan direba, sau biyu kunya tana juyo da shi daga bakin layi.

A rana ta huɗu ya sauke na kakansa daga ƙusa, ya hura wuta. Yana shirin sa shi sai ya ji jan takalmi a bayansa. Direba ne, da bandeji a ƙafa biyu.

“Me za ka yi da shi?”

“Zan buge shi in mayar da shi ƙugiyar rataye kaya.”

“Don ka huta ko? Kawo shi nan.”

Direba ya zauna a wurinsa na kullum, ya ajiye marin a kan benci, ya buga gefen da ya saura da tafin hannu. Maƙeri ya zauna, ƙarfen yana tsakaninsu.

Can sai ga wata mata ta shigo da tukunyar da hannunta ya cire. Ta gaishe su, idonta ya faɗa kan benci.

“Baba, wannan kuma mene ne?”

Direba ya nuna maƙeri da haɓa. “Tambaye shi.”

Maƙeri ya dubi wuta, ya dubi bandejin, ya ga ba inda zai kai idonsa.

“Ajiye tukunyar, ’yata,” ya ce. “Kakana ne ya ƙera shi. Taɓa cikinsa ki ji, amma a hankali.”